Daga Ciroma zuwa Sarauniya: tarihin wani buɗi na shaɗaranji da matsalar sunayensa a Hausa

0. Gabatarwa

Ranar 22 ga watan Yuli na shekarar 2023, a birnin Chongqing na ƙasar Sin, aka yi karawa ta 12, kuma ta ƙarshe, a gasar neman kambin duniya na mata na wasan da Faransawa ke kira échecs. Mai riƙe da kambin, Ju Wenjun, da mai neman karɓe shi, Lei Tingjie, sun zauna bakin allo kowace da maki 5 da rabi. Ju ce ta yi nasara, kambin ya tsaya hannunta. Abin da ya ja hankalinmu a wannan karawa shi ne buɗinta, wato takun farko da kowace ta yi don jera rundunarta. Littattafan Faransanci suna sa shi cikin dangin da suke kira début du pion dame, buɗin dakaren sarauniya.

Duk wanda ya so ya ba da labarin wannan karawa da Hausa, tun kafin ya kai taku na biyu zai yi karo da tambaya ɗaya: mene ne sunan ɗan wasan da ke tsaye kusa da sarki? Tambayar tana da amsa tsohuwa a Barno, inda aka taɓa kiransa ciroma. A cikin wannan ƙasida za mu bi sawun ɗan wasan nan daga tsohon wasan Larabawa zuwa fadar Barno, wadda Gure ta kasance ƙarƙashin inuwarta, sa'an nan zuwa Turai da gasar mata. Ra'ayin da muke karewa shi ne: buɗin da aka yi a Chongqing ɗa ne na wata doka da ba ta taɓa shiga allon Barno ba, saboda haka zaɓen suna a Hausa dole ya bi tarihin doka. Muna fatar masu aikin keɓaɓɓun kalmomi za su tattauna shawarwarin da ke sashe na 6.

1. Sunan wasan da hanyar da ya biyo

Asalin kalmar daga Indiya yake. A harshen Sanskirit caturaṅga na nufin runduna mai sassa huɗu: giwaye, dawaki, kekunan yaƙi da dakaru. Farisawa suka are ta ta zama čatrang, Larabawa kuma, bayan sun ci ƙasar Farisa a ƙarni na 7, suka mai da ita šaṭranj, tun da tsarin sautinsu ba shi da č da g. Tun ƙarni na 9 da na 10 an sami gwanaye a Bagadaza, irin su al-Adli da as-Suli (ya rasu a 946), waɗanda suka rubuta littattafai kan wasan.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatunmu. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu a 996), wadda kowane ɗalibin fiƙihun Malikiyya ke bi ta kanta daga Sakkwato har Kukawa, ta ambaci wasan cikin abubuwan da ta hana. Mazhabar Shafi'iyya ta fi sassauci a kansa. Ba hukuncin ne ya dame mu a nan ba. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne malamai sun daɗe suna furta kalmar ko da ba su ga allon ba.

Don haka muka zaɓi mu yi amfani da siffar shaɗaranji. Ta bi ƙa'idojin aro da aka sani: baƙin ṭ na Larabci yakan koma ɗ a Hausa, kamar a ɗalibi, ɗahara da sharaɗi, ana raba cunkoson baƙaƙe da wasali, ana kuma rufe kalma da wasali. Mun fifita ta kan «darar Turawa» domin dalili biyu. Na farko, wasan ba Turawa suka ƙago shi ba. Na biyu, dara wasa ce mai zaman kanta, mai gidaje 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, inda ƴaƴan duka darajarsu ɗaya kuma ana ci ta hanyar jera uku. Amma daga dara za mu ari kalmomin da suka dace: gida, ɗa, ci.

2. Gure, Muniyo da allon Barno

Gure tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Difa, a yankin da Hausa da Barbarcin Mangawa ke cuɗanya a kasuwa ɗaya. A ƙarni na 19 ita ce hedikwatar ƙasar Muniyo, wadda sarkinta, Muniyoma, yake biyayya ga Shehun Barno a Kukawa. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin cikin watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Koso. A rabi na biyu na ƙarnin ne Damagaram ta shimfiɗa ikonta kan Muniyo, kafin zuwan Faransawa. Ta irin wannan iyaka ce sunayen sarautu na Barebari suka kwararo cikin Hausa: ciroma, galadima, yarima, kaigama. Joseph Greenberg ya tattara hujjojin wannan aro a maƙalarsa ta 1960 kan tasirin Barebari a kan Hausawa.

A shekarar 1934 C. K. Meek, jami'in nazarin al'adu na gwamnatin Ingila a Najeriya, ya buga gajeren bayani a mujallar Man kan wani wasa na fadar Barno mai suna tsatsarandi. Wani bayanin ya biyo baya a mujallar a 1939. A lokacin wasan ya riga ya kama hanyar ɓacewa, masu iya shi ƴan kaɗan ne daga cikin mutanen fada. Ko da an yi la'akari da cewa kunnen Bature ne ya ɗauki kalmar, dangantakarta da šaṭranj a fili take: an raba cunkoson baƙaƙe na tsakiya, an ƙara wasali a ƙarshe, gaɓoɓi biyu na farko kuma sun daidaita da juna kamar ninki.

Ga sunayen ƴaƴan allon, tare da takwarorinsu na Larabci da Faransanci:

(1) mai: šāh, roi
(2) ciroma: firzān, dame
(3) bintu: fīl, fou
(4) fer: faras, cavalier
(5) kaigama: ruḫḫ, tour
(6) gollo: baidaq, pion

Jerin yana nuna cewa Barebari ba su tsaya ga fassara kalma da kalma ba. Sun ɗora fadarsu ce a kan allo. Firzān, daga Farisanci farzīn, mashawarcin sarki ne. Suka ba gurbinsa ga ciroma, sarautar da aka fi dangantawa da mai jiran gado. Ruḫḫ, wanda ya fi kowa ƙarfi a tsohon wasa, suka ba shi sunan shugaban yaƙi. Doki kuwa ya tsira da sunansa, domin fer doki ke nan da Barbarci.

Wani abin lura shi ne fadar Barno ba ta rasa manyan sarautun mata ba. Akwai Magira, uwar sarki. Akwai Gumsu, uwargidansa. Akwai Magaram, ƴar'uwarsa ta sarauta. Tarihin baka ma yana riƙe da sunan Aisa Kili, wadda aka ce ta riƙe mulki a ƙarni na 16 kafin Mai Idris Alauma. Duk da haka babu ɗaya daga cikin sarautun nan da ta hau allo. Suna ɗaya da ya yi daidai da sunan yanka na mata, bintu, ya faɗa kan ɗan wasan da ya fi sauran manya rauni. Wannan ya isa ya gargaɗe mu kada mu ɗauka cewa allo madubi ne na matsayin mata a cikin al'umma.

Tafiyar ƴaƴan tsatsarandi, kamar yadda aka bayyana ta, irin ta tsohon shaɗaranji ce. A wancan tsari firzān gida ɗaya yake tafiya, a karkace, wato gidaje 4 kawai yake iya kaiwa ko da yana tsakiyar allo. Fīl yana tsallaka gida biyu a karkace, kuma gidaje 8 kaɗai cikin 64 zai iya takawa tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Dakare gida ɗaya yake yi ko a takunsa na fari. In ya kai sahun ƙarshe, firzān yake zama, ba ƙari. Da yake rundunonin biyu sukan daɗe ba su haɗu ba, gwanayen Bagadaza ba su san buɗi irin namu ba. Abin da suka sani shi ne taʿbiya, jerin gwanon yaƙi da mutum ke ginawa cikin taku 12 ko fiye kusan ba tare da ya kula da abokin karawarsa ba. Kowane jeri da sunansa: muǧannaḥ mai fukafukai, sayyāl mai malala. Mai wasan dara zai gane wannan nan da nan, domin shi ma sai ya gama dasa ƴaƴansa kafin a fara ci.

3. Juyin da aka yi a Turai

Wasan ya shiga Turai ta Andalus da Sisiliya. Tun wajajen shekarar 1000, wata waƙar Latin da aka adana a gidan ibada na Einsiedeln, a ƙasar Suwis ta yau, ta kira ɗan wasan da ke kusa da sarki regina, sarauniya. Amma suna kawai ya canza. Kusan ƙarni biyar wannan sarauniya ta yi tana tafiyar gida ɗaya, kamar ciroman Barno. Tsohon Faransanci ma ya riƙe kalmar Larabcin a siffar fierce, Sifaniyanci kuma alferza, kamar yadda take a littafin wasanni na sarki Alfonso na 10, na shekarar 1283. A tsakanin nan ne aka fara yarje wa dakare ya yi gida biyu a takunsa na fari.

Babban juyin ya zo ne a ƙarshen ƙarni na 15. Wajajen 1475, a birnin Balansiya, mawaƙa uku, Castellví, Vinyoles da Fenollar, suka tsara waƙar Scachs d'amor, wadda ke ɗauke da karawa mafi daɗewa da aka sani bisa sabuwar doka. A cikinta sarauniya tana tafiya iyakar ganinta, a miƙe da a karkace. Daga tsakiyar allo tana kaiwa gidaje 27. Fīl shi ma ya sami doguwar tafiya a karkace. Littafin Lucena, da aka buga a Salamanka a 1497, yana rarrabe wasa iri biyu, na sarauniya da na dā. Italiyawa da Faransawa suka yi wa sabon wasan laƙabi da sunan fusatacciyar sarauniya. Wasu masana, irin su Marilyn Yalom a littafinta na 2004, suna danganta juyin da mulkin sarauniya Isabela ta Kastila (1474-1504). Hasashe ne mai jan hankali, amma misalin Barno da muka gani yana sa mu yi taka-tsantsan da shi.

Ya kamata a lura da daidaituwar lokaci. A shekarun 1470 ɗin nan ne Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu. Wato lokacin da daular Barno ke kafa sabuwar cibiyarta, a lokacin ne hanyar wasan ta rabu biyu. Barno ta ci gaba da tsohon reshe har farkon ƙarni na 20, Turai ta bi sabo.

Sabuwar doka ita ta haifi ilmin buɗi. Da sarauniya da fīl suka sami doguwar tafiya, sai ya zama ana iya kashe sarki cikin taku 4, har ma 2. Kowane taku na farko ya zama amsa ga na abokin karawa. A 1561 Ruy López ya shigo da kalmar gambito cikin littafinsa, daga Italiyanci gambetto, wato sa wa abokin kokawa ƙafa don ya faɗi. Ana nufin sadaukar da dakare a farkon wasa don a sami sarari. Ƙasar da kokawa ke cika fili kamar tamu ba ta bukatar aro a nan: taɗiya ke nan. Abin da Faransanci ke kira gambit dame, wanda ya bayyana tun a rubutun Göttingen na ƙarshen ƙarni na 15, sai mu ce da shi taɗiyar sarauniya.

4. Mata a bakin allo

Ƙarfin da sarauniyar katako ta samu bai buɗe wa mata ƙofar gasa ba. Tsohon wasa ma yana da labarin Dilaram, matar wani basarake da aka ce ta nuna wa mijinta takun da ya cece ta bayan ya sa ta a caca. Amma labari ne, kuma a cikinsa mijin ne ke zaune bakin allo. Daga 1475 sai da aka yi shekara fiye da 400 kafin gasar mata ta ƙasa da ƙasa ta farko, wadda aka yi a Landan a 1897, Mary Rudge ta cinye ta. Hukumar duniya ta wasan, FIDE, an kafa ta a Paris a 1924, kuma a 1927, a Landan, Vera Menchik ta zama mace ta farko da ta ɗauki kambin duniya. Ta riƙe shi har 1944, lokacin da wani makami mai linzami na Jamus ya faɗa gidanta a kudancin Landan.

Bayan yaƙin, kambin ya zauna a Tarayyar Sobiyet daga 1950 zuwa 1991. Ƴan Jojiya biyu suka fi daɗewa da shi: Nona Gaprindashvili daga 1962 zuwa 1978, sai Maia Chiburdanidze, wadda ta karɓe shi tana da shekara 17. A 1991, a Manila, Xie Jun ta kayar da ita, daga nan zamanin ƙasar Sin ya soma. A shekarar ce kuma Judit Polgár ta Hangare, wadda ta zaɓi karawa da maza, ta sami muƙamin babban gwani tana da shekara 15. A Afirka, Tuduetso Sabure ta Botswana ta ci gasar mata ta nahiyar a 2005, Phiona Mutesi ta Yuganda kuma ta je gasar ƙasashe ta 2010 daga unguwar Katwe ta Kampala.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne wurin koyo: kulob, makaranta, mai horarwa, da littafi a harshen da yarinya ke ji. Inda aka sami waɗannan, an sami gwanaye mata cikin tsara ɗaya ko biyu. A nan ne aikin mai nazarin harshe ya shigo. Yarinyar da ke makarantar firamare a Gure ko Tasawa, in har sai ta ƙware a Faransanci kafin ta fahimci bayanin buɗi, to ta makara, domin manyan gwanaye tun suna ƴan shekara 6 ko 7 suke farawa.

5. Karawar Chongqing da buɗinta

An haifi Ju Wenjun a Shanghai a 1991, ta ɗauki kambi a 2018. An haifi Lei Tingjie a Chongqing a 1997. Shi ya sa aka raba gasar ta 2023 gida biyu, karawa 6 a garin kowace. Lei ta ci karawa ta 5, Ju ta rama a ta 8, sauran duk kunnen doki aka yi har aka zo ta 12, inda Ju ke da farare.

Za mu rubuta takun da haruffan da muke ba da shawara: S sarki, Y sarauniya, K kaigama, G giwa, D doki, dakare ba shi da harafi, x alamar ci ce, + kuma barazana ga sarki. Mai karatun da ya saba da Faransanci ya kula, D a nan doki ne.

1. d4 d5 2. Df3 Df6 3. e3 c5 4. dxc5 e6 5. b4 a5 6. c3 axb4 7. cxb4 b6 8. Gb5+ Gd7 9. Gxd7+ Dbxd7 10. a4 bxc5 11. b5

A taku na 3 Lei ce ta yi taɗiya, ta miƙa dakarenta na c5. Ju ta ci, ta kuma kare abin da ta ci da b4 da c3. Lei ta bi ta gefe tana rushe wannan kariya har ta maido da dakarenta a taku na 10. A ƙarshen jerin kowace tana da dakaru 6, amma rabonsu ya bambanta ƙwarai. Mai baƙaƙe ta mallaki tsakiya da dakarun c5, d5 da e6. Mai farare ta bar mata tsakiyar, ta sami dakaru biyu maƙwabta, a4 da b5, waɗanda babu wani dakaren abokiyar karawa da ke gabansu ko a gefensu da zai tare su. Irin waɗannan muke kira sakakkun dakaru.

Wannan tsari sananne ne, sai dai an saba ganinsa a hannun mai baƙaƙe, a wani reshe na taɗiyar sarauniya da ke ɗauke da sunan Daniël Noteboom, ɗan Holan da ya rasu a Landan a 1932 yana da shekara 21. Ju ta juya shi ta yi shi da farare. Zaɓin yana da ma'ana. Da ta so ta lallaɓa a tafi karawar gaggawa ta raba gardama, akwai buɗi masu yawa da ke kai wa ga kunnen doki. Ta zaɓi wanda kowane ɓangare ke da abin tsoro da abin fata. Dakarun nata biyu ba su kai sahun ƙarshe ba. Amma a rikicin da aka yi a kansu Lei ta ba da dawakinta biyu a madadin kaigama da dakare, aka yi musayar sarauniyoyi wajajen taku na 20, sa'an nan ƙananan ƴaƴan Ju suka rinjayi kaigamomin Lei sannu a hankali. Lei ta sallama bayan taku fiye da 60, gasar ta tashi 6 da rabi da 5 da rabi. Ju ta sake kare kambinta a watan Afrilu na 2025 a karawarta da Tan Zhongyi.

Yanzu mu ɗora wannan buɗi kan tsohuwar doka. Cikin taku 21 da muka rubuta, 11 na farare da 10 na baƙaƙe, guda 8 haramtattu ne a wasan firzān da fīl: tsallen dakare 6 (d4, d5, c5, b4, a5, a4) da tafiyar giwa 2 (Gb5, Gd7). Tun taku na farko aka fita daga allon Barno. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne hikimar buɗin kanta. Sarauniyoyin biyu ba su motsa ba cikin takun nan, amma lissafin duka a kansu yake. Ju ta yarda ta bar tsakiya ne domin sakakken dakare, in ya kai, zai zama ɗan wasa mai gidaje 27. Da ciroma mai gidaje 4 zai zama, da cinikin bai biya ba, kuma da babu wanda zai ƙago buɗin.

6. Wane suna za mu ba ta da Hausa?

Akwai ƴan takara uku: ciroma, waziri, sarauniya. Kowanne yana da hujja.

Ciroma yana da hujjar gado: kalma ce da ta daɗe da zama Hausa, kuma ita ce aka taɓa ji a bakin allo a yankinmu. Amma mun ga cewa ciroman tsatsarandi da dame na yau gurbi kawai suka haɗa. In muka ba su suna ɗaya, za mu rasa hanyar rarrabe wasannin biyu a rubutun tarihi. Muna ba da shawarar wannan ƙa'ida: inda tafiya ba ta canza ba, a riƙe gadon Barno, inda ta canza, a bar wa tsohon wasa sunansa. Bisa haka sarki, doki da kaigama sun tsaya, ciroma da bintu kuma sun zauna wa tsatsarandi. A madadin bintu mun ɗauki giwa, fassarar fīl, kamar yadda Larabci, Turkanci da Rashanci suke kiran ɗan wasan har yau. Fou na Faransanci ba abin fassarawa ba ne, domin lalacewar furucin fīl ɗin ce ta kai shi ga ma'anar wawan sarki. Ga pion, dakare ya dace, tun da baidaq asalinsa sojan ƙasa ne a Farisanci.

Waziri ya fi wuyar turewa. Shi ne sunan da Larabawa, Turkawa da Farisawa ke amfani da shi a wasan zamani, kuma fassara ce mai kyau ta firzān. Yana kuma kauce wa wata matsala: jimlar «dakare ya zama sarauniya» tana da nauyi a kunnen Bahaushe, alhali «dakare ya zama waziri» labari ne da kowa zai yarda da shi. Turawan tsakiyar zamani ma wannan sauyin jinsi ya dame su.

Duk da haka mun karkata ga sarauniya, don dalilai uku. Na farko na nahawu ne. Barbarci ba ya rarrabe jinsi, saboda haka mai da ciroma lamiri ɗaya suke ɗauka kuma babu abin da aka rasa. Hausa kuwa tana tilasta wa mai magana ya zaɓi ya ko ta a kowace jimla. Wannan tilas riba ce ga mai sharhi. A dubi:

(7) Sarki da waziri suna layi ɗaya; in ya matsa, an ci shi.
(8) Sarki da sarauniya suna layi ɗaya. In ya matsa, an ci ta.

Jimla ta (7) tana da harshen damo, ta (8) kuwa ba ta bukatar ƙarin bayani. Dalili na biyu shi ne hanyar da wasan ke shigowa yau: ta makaranta, ta wayar hannu da intanet, cikin Faransanci a Nijar da Ingilishi a Najeriya, kuma duka biyun mace suke kiran ɗan wasan. Sunayen buɗi, irin su taɗiyar sarauniya, za su yi daidai da abin da ɗalibi zai tarar a littattafan waje. Na uku, kalmar ba ta rasa gindi a tarihinmu ba. Daurama, Amina ta Zazzau, da Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, duk sun sa kunnen Bahaushe ya saba da sarauniya mai jan daga.

Saura matsalar harafi, tun da sarki da sarauniya duka da s suka fara. Dokar FIDE ta yarda kowane ɗan wasa ya rubuta takunsa da haruffan harshensa. Ingilishi ya gamu da irin wannan karo tsakanin sarki da doki, ya warware shi da ɗaukar harafi na biyu na sunan dokin. Mun zaɓi Y domin ba ta da wani aiki a rubutun Faransanci ko na Ingilishi. Haɗarin D, wadda ke nufin dame ga wanda ya yi lakwal, yana nan; abin a gwada ne a aji a ga ko yana rikita ɗalibai.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ɗan wasa ɗaya ya ɗauki sunan mashawarci a Bagadaza, na mai jiran gado a Barno, na sarauniya a Turai, kuma canjin suna da canjin doka ba su zo tare ba: kusan shekara 500 ke tsakaninsu. Mun ga kuma cewa shigar mata gasa ta biyo bayan duka biyun da nisa, ta hanyar makaranta da horo. Buɗin da Ju Wenjun ta zaɓa a 2023 ya tsaya ne kacokan kan dokar 1475, shi ya sa sunan ciroma ba zai iya ɗaukarsa ba.

Aiki biyu ke gabanmu. Na farko na fili ne: a bi dattawan fada a Gure, Mayine-Sorowa da Damagaram da jerin kalmomi shida na sashe na 2, a ji waɗanda suka rage a bakinsu da ma'anar da suke ba su, a kuma rubuta su da sautinsu na ainihi. Na biyu na aji ne: a shirya ɗan littafin koyo da Hausa, mai ɗauke da dokoki da buɗi goma, a gwada shi a makarantun da ke koyarwa da harsunan gida, a aji mai haɗe da ƴan mata da samari. Sakamakon gwajin ne zai raba gardama tsakanin waziri da sarauniya, kuma shi zai nuna ko harafin D ya zauna.